Kafin a Kai ga Tono: Darasin Durɓi ta Kusheyi ga Kufan Gobir na Yankin Sabon Birni da Isa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tuddan kusheyi, wato kaburburan da magabata suka tula wa ƙasa ko duwatsu har suka zama tudu, da yadda za a kare irinsu a ƙasar Gobir ta gabashin Jihar Sakkwato, tun daga Isa zuwa Sabon Birni har Burkusuma a bakin iyaka. Ta ɗauki Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Katsina ta zama ma'auni, domin an tona ta sau biyu, a 1907 da 1992, kuma sakamakon ya sha bamban. Matsayar maƙalar ita ce, a halin da yankin yake ciki yau, aikin gaggawa shi ne rubuta sunayen wurare da labarinsu daga bakin waɗanda suka san su, alhali da dama daga cikinsu suna gudun hijira. Tono kuwa a dakata da shi.

Gabatarwa



Tudu a idon mai binciken kufai iri uku ne. Akwai jigawar da iska ta tara, babu hannun mutum a cikinta. Akwai tudun da zaman gari ya haifar: gini ya rushe, an yi wani a kansa, toka da tsingaro da kashin maƙera suna ta taruwa ƙarni bayan ƙarni. Daima ta ƙasar Barno, wadda Graham Connah ya tona a 1965 da 1966, irin wannan ce. Na uku shi ne wanda aka tayar da gangan a kan mamaci, shi ne kuma abin magana a yau. Manomi ya fi kowa rarrabe su, don garmarsa ce ke fara cin karo da abin da ke ciki.

Al'adar tayar da tudu a kan gawar babban mutum ta ratsa Afirka ta Yamma daga gaɓar teku zuwa Tafkin Chadi. Al-Bakari, malamin Andalus da ya kammala littafinsa a 1068, ya kwatanta jana'izar sarkin tsohuwar Gana: a yi rumfar katako, a kwantar da sarki a ciki da kayan adonsa da makamansa da ƙoren cinsa da shansa, a rufe, jama'a su yi ta zuba ƙasa har wurin ya zama babban tudu, sannan a kewaye shi da gwalalo. Da Louis Desplagnes ya tona tudun El-Waleji a ƙasar Mali ta yau a 1904, ya tarar da ɗakin kabari a ƙarƙashinsa, abin da ya ba bayanin al-Bakari ƙarfi. A Senegal, tudun Rao da aka tona a 1941 ya fitar da faifan zinariya na ratayawa a ƙirji. A Azbin da Tenere kuwa, inda François Paris ya daɗe yana aiki, kaburburan duwatsu ne birjik, wasu sun haura shekara dubu huɗu. Ƙasar Hausa tana tsakiyar wannan shimfiɗa, kuma ta samu rabonta.

Durɓi ta Kusheyi: tono biyu, sakamako biyu

Durɓi ta Kusheyi tana yankin Mani, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Katsina. Labarin baka ya danganta tuddan wurin da sarakunan Durɓawa, tun daga Kumayau har zuwa Sanau, wanda Korau ya kashe ya karɓe sarauta. A 1907 Herbert Richmond Palmer, jami'in Turawan mulki a Katsina, ya sa aka fasa wasu daga cikin tuddan da amincewar Sarki Muhammadu Dikko. Shi Dikko, kafin ya hau gadon sarauta, sarautar Durɓi yake riƙe da ita, saboda haka wurin ba baƙonsa ba ne. An fitar da tukwane da kayan ƙarfe. To ina suke yau? Sun ɓace, kuma bayanin da aka bari game da yadda aka same su bai taka kara ya karya ba. Tudun da aka fasa ba ya sake haɗuwa. Mai tono yana rushe shaidar ne a daidai lokacin da yake karanta ta, in bai rubuta abin da ya gani daki-daki ba, to shi da ɓarawon kabari asararsu ɗaya ce ga na baya, ko da niyyarsu ta bambanta.

A 1959 gwamnati ta sa wasu tuddan wurin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. A 1992 aka koma, a ƙarƙashin wani shiri na masanin tarihi Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ta Jamus, tare da Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. An tona tuddai uku, kowanne da mamaci ɗaya a tsakiyarsa. A wannan karon an yi wata dabara mai kyau: ba a tsince kayan ɗaya bayan ɗaya a fili ba, an ɗauko su ne dunƙule cikin ƙasar da ta rufe su, aka adana a Katsina. Sun yi shekara 15 a ajiye. A 2007 aka kai su gidan tarihi na birnin Mainz, inda Detlef Gronenborn da abokan aikinsa suka buɗe su a hankali, aka gyara, aka auna, aka baje kolinsu a 2011, daga bisani aka dawo da su Nijeriya.

Abin da ya fito ya isa a tsaya a kansa. Akwai 'yan kunne da zobe na zinariya, da mundayen tagulla da na hauren giwa, da duwatsun ado na ƙarau da na jan dutse, da kuɗin wuri, da wata tasar ƙarfe ƙirar Gabas ta Tsakiya. Awon shekaru ya sa kaburburan tsakanin ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 16. Kuɗin wurin nan daga Tekun Indiya suke fitowa. Ke nan tun kafin a fara rubuta tarihin sarautar Katsina yadda muka san shi, akwai masu mulki a gabashin ƙasar da hannunsu ya kai ga hajar da ta ƙetaro Sahara, kuma ana binne su da dukiyarsu a lokacin da Musulunci ya riga ya fara shigowa biranen Hausa. Babu wani kundi da ya ba mu wannan dalla-dalla. Ƙasa ce ta riƙe shi shekara ɗari biyar zuwa ɗari bakwai.

Ni a ganina babban darasin yana cikin shekara 85 ɗin da ke tsakanin tonon biyu. Tuddan da Palmer bai taɓa ba su ne suka jira har aka samu na'urar da za ta iya faɗin shekarunsu da asalin ƙarfensu. Barin tudu a rufe shi ma aikin karewa ne, sau da yawa ma shi ne mafi inganci.

Me ya haɗa Gobir da wannan?

Gobirawa sun fi sauran Hausawa dalilin damuwa da wannan batu, saboda tarihinsu tarihin ƙaura ne. Labarinsu ya faro daga Azbin, ƙasar kaburburan duwatsu, ya biyo ta Birnin Lalle a yankin Dakwaro, ya gangaro kwarin Rima. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, wanda kufansa ke kusa da Isa, ya kafa Alƙalawa a bakin gulbi. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, a nan kuma aka kashe Yunfa ranar da birnin ya faɗi a hannun rundunar Muhammadu Bello a watan Oktoba na 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya ware ya kafa Sabon Birni. Sai Ingila da Faransa suka zo suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka bar rabin gidan a Nijeriya, rabi a Nijar.

Duk inda aka yi zango a wannan doguwar tafiya an bar kufai da maƙabarta. Kuma Gobirawa ba su tarar da kwarin Rima fayau ba. Zamfarawa suna nan, kafin su ma akwai wasu. Wuri ne na mahaɗar ruwa: Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi duk a wannan yanki suke zuba, ga fadama, ga kifi, ga kiwo. Irin wannan wuri ba ya rasa mazauna tun zamanin da ba a rubutu. Malaman tarihi irin su Abdullahi Rafi Augi, wanda ya yi digirinsa na uku a kan Gobir a kwarin Rima a Jami'ar Ahmadu Bello a 1984, da Garba Nadama da ya yi nasa a kan Zamfara a 1977, sun tattara abin da baka da takarda za su iya bayarwa. Amma baka da takarda suna da iyaka. In an wuce ƙarni na 15 ana komawa baya, sunayen sarakuna ne kawai ke saura, su ma ana gardama a kansu. Daga nan sai abin da ƙasa ta ɓoye.

Tsohon Lardin Sakkwato ya taɓa ganin amfanin bincike kafin a yi asara. Lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Kainji a shekarun 1960, an tura masana su bi wuraren da ruwa zai shanye. A. J. Priddy ya tona wani tudu kusa da Yelwa, ya samu tukwane da ƙananan mutum-mutumin yumɓu na zamanin ƙarfe. Da ba a yi wannan ba, da yanzu sai dai kifi ya san da su.

Abin da ke cin tudu

Na farko da aka fi ambata shi ne masu tonon sata. A shekarun 1990 mutum-mutumin yumɓun da 'yan kasuwar Turai suka laƙaba wa sunan Sakkwato da Katsina suka cika shagunan Faris da Burasel, kusan duk ba a san ramin da aka ciro su ba. Yankin Kwatarkwashi na Zamfara yana cikin wuraren da aka yi wa wannan wawaso. Abin ya kai ga Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta sa su a jerinta na kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000, tare da na Nok. Labarin Bura a yammacin Nijar ya fi ban takaici. An gano maƙabartar a 1975, Bube Gado na cibiyar binciken IRSH ta Yamai ya tona ta bisa ƙa'ida a 1983, aka kai kayan baje koli a Faris a 1993. Baje kolin nan shi ya buɗe wa dillalai ido, cikin 'yan shekaru aka rarake maƙabartun yankin. Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai, mu masu son buga sakamako da hotuna: tallar wuri ba tare da mai tsaronsa ba gayyata ce.

Sai ruwa. Gulbin Rima yana sauya hanya, yana cin gaɓa, kuma Alƙalawa a bakinsa take. Ambaliyar 2010 da ta shafi Goronyo da maƙwabtanta ta nuna abin da ruwa zai iya yi cikin mako guda. Sai kuma tifa da katafila. Duk inda za a yi hanya ana neman ƙasar cikawa, tudu kuwa ƙasa ce da aka riga aka tara wa ɗan kwangila. Masu bulo da masu yaɓe ma haka. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 yana ratsa Daura da Katsina da Jibiya, ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri da aka soma daga Illela a 2024. Dokar duba tasirin manyan ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992, abin da ake buƙata shi ne a riƙa sa mai binciken kufai cikin ayarin da ke yin dubawar.

Amma a Sabon Birni da Isa akwai abin da ya fi duk waɗannan, kuma ba a cika lissafa shi cikin barazanar kayan tarihi ba. Me ya kare tuddan nan shekaru aru-aru, tun babu hukuma babu doka? Kwarjini ne da sani. An san wurin, an san sunansa, an san cewa ba a noma shi, ba a sare kukar da ke kansa, ba a ɗibar ƙasarsa. Wani wurin tsoron iskoki ne ya tsare shi, wani wurin girmama kakanni, wani kuma don maigari ya hana tun kaka da kakanni. Wannan sani a kan tsofaffi yake, kuma yana rayuwa ne muddin suna zaune kusa da wurin suna nuna wa yara da yatsa.

Yau fa? Tun 2019 dubun-dubatar mutanen wannan yanki suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, musamman wajen Gidan Runji, wasu suka tare a garin Sabon Birni da Isa da birnin Sakkwato. A watan Satumba na 2021 'yan bindiga suka afka wa sansanin jami'an tsaro na Burkusuma. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Idan uban ƙasa bai tsira ba, wa zai tsaya gadin tudu? Tsohon da ya rasu a sansanin hijira ya tafi da taswirar ƙauyensu a ka. Jikansa da aka haifa a can, in Allah ya kawo lafiya ya dawo, tudu kawai zai gani, ya ga wurin ya dace da gero.

Na san za a ce ana ta rai wa yake ta kabarin wanda ya mutu shekara ɗari bakwai. Tambaya ce mai nauyi, ban kuma ce a ɗauke soja ɗaya daga tsaron kasuwa a kai shi tsaron kufai ba. Abin da nake nema ba ya bukatar soja, ba ya bukatar a taka dajin ma.

Doka

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi, mai lamba 77 ta 1979, ta hana tono ba da izini ba, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wanda aka amince wa, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci wani abu ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana bakwai. A takarda babu laifi. Sai dai tarar da ke ciki da darajar naira ta 1979 aka yanka ta, kuma cikakkiyar kariya tana samuwa ne ga wurin da aka ayyana. Surame, birnin Kanta, an ayyana shi tun 1964, an kuma sa shi a jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007, har yau yana jira. Nijeriya wuri biyu take da su a babban jerin, Sukur tun 1999 da kurmin Oshun na Oshogbo tun 2005. In Surame mai ganuwar dutse tana layi, tudun da ba a ko rubuta sunansa ba sai yaushe? Doka ba ta iya kare abin da ba ta san da shi ba.

Aikin da za a iya farawa bana

Shawarata ita ce a buɗe rajistar kufai da tuddai da tsofaffin maƙabartu na ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, a kuma fara ta daga inda mutanen suke yanzu. Ɗalibin tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ɗan asalin yankin zai iya zama da dattawan ƙauye guda a masaukinsu, da rikoda ko wayar hannu, ya tambaye su: wane wuri ne ba a nomawa a garinku? Me ake kiransa? Gabas yake da rijiya ko yamma? Wa ya hana? Me garma ta taɓa tonowa a kusa da shi? A tambayi mata daban, domin su ke zuwa itace da ɗibar yumɓu, kuma a Gobir, inda sarautar Inna take da daɗaɗɗen matsayi, akwai sanin wurare da ke hannunsu wanda maza ba su da shi. A tambayi Fulani makiyaya, waɗanda suka san dajin taku-taku. Barin su a waje saboda halin da ake ciki zai rage wa rajistar rabin amfaninta.

Daga nan sai a gwada abin da aka ji da hotunan tauraron ɗan Adam, waɗanda ake samu kyauta a intanet. Ganuwa da gwalalo da manyan tuddai sukan fito a hoton rani. Sashen nazarin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello yana da masu wannan ƙwarewa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato ita ta dace ta riƙe kundin, a ba fadar kowane uban ƙasa kwafin abin da ya shafi ƙasarsa. Kuma tun da rabin labarin yana Tsibiri da Birnin Lalle, dole a nemi hannun Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da cibiyar IRSH. Dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami tun juyin mulkin Yulin 2023, amma malaman jami'a ba su daina gaisawa ba.

Akwai masu cewa kaburburan jahiliyya ne, kula da su hanya ce ta komawa tsafi. Wannan magana a gaban malamai za a warware ta, kuma da hujjar gida. Muhammadu Bello, wanda ya ci Alƙalawa da yaƙi, shi ne ya zauna ya rubuta labarin ƙasashen Sudan da asalin mutanensu, har da Gobir, a cikin Infaƙul Maisuri. Ba a ce a yi yanka a kan tudu ba, ba a ce a gina masa ƙubba ba. An ce ne kada a tone mamaci don a sayar da abin wuyansa, wannan kuwa babu limamin da zai ƙi faɗinsa a huɗuba. Abin da ya faru a Tumbutu ya isa ishara: masu ɗauke da makamai sun rusa hubbarorin waliyyai a 2012, magina na garin suka sake tayar da su a 2015 saboda suna da sanin yadda aka gina su, kotun duniya ta Heg kuma ta yanke wa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara tara a 2016. Sanin da ke hannun mutanen gari shi ya sa gyaran ya yiwu.

Abu ɗaya ne nake so a yi muhawara a kansa, domin yana iya mayar da alherin sharri. Rajistar da ta faɗi ainihin inda kowane tudu yake jagora ce ga ɓarawo, kuma a yankin da masu bindiga suka riga suka saba da haƙar zinariya a maƙwabciyarmu Zamfara, kalmar zinariya kaɗai ta isa ta jawo shebur ɗari cikin dare. Saboda haka kundin ya zama hawa biyu. Sunaye da labarai da muryoyin dattawa a buɗe su ga kowa, a koyar da su a makarantun yankin. Lambobin taswira kuwa su tsaya a hannun hukumar tarihi da uban ƙasar da abin ya shafa, kada su shiga kundin digiri, kada su hau Facebook, kuma duk ɗalibin da za a tura a sa shi ya sa hannu a kan wannan sharaɗi kafin a ba shi rikoda.